Babban Yatsan Malama Habibatu

Ranar wata Talata da hantsi Abdulrauf ya kira ƙanwarsa Juwairiyya a waya. Tana Gombe, inda take aure, tana shanya kayan jaririnta na uku wanda bai daɗe da yin arba'in ba. Ko gaisuwar kirki bai tsaya sun yi ba.

"Ki nemi izinin maigidanki ki zo Bauchi," in ji shi. "Ki zo ki ga abin da Mama ta koma."

"Innalillahi! Ba ta da lafiya ne, Yaya?"

"Tana ci tana sha. Sauran kuma bakina ba zai iya faɗa ba. Ke dai ki zo."

Ya kashe wayar, ya bar ta tsaye da jiƙaƙƙen zani a hannu.

Wanda bai san Malama Habibatu ba, ba zai gane abin da ya kaɗa hantar Juwairiyya ba. A Zungur aka haife ta, 'yar manomi ce, kuma ita ce mace ta farko da aka sa boko a gidansu. Daga nan ta wuce kwalejin horon malamai, ta fito ta kama alli, ba ta ajiye shi ba sai bayan shekara talatin da biyar, sha biyun ƙarshe tana shugabar wata firamare. A unguwar Ɗan Iya akwai magidanta masu gemu har ƙirji waɗanda har gobe in suka hango ta tafe sai su cire hannu daga aljihu. Ba ta da yawan duka, kallo ne da ita. A gidanta kuwa talabijin a lulluɓe take da wani farin ƙyalle, ba a yaye shi sai lokacin labarai, ana gamawa a mayar. Fim a wurinta aikin marasa aikin yi ne. Ko ludo ba a bugawa a tsakar gidan. Da maigidanta Malam Ladan ya rasu shekara huɗu da suka wuce, mutane sun zaci za ta yi laushi, sai ma ta ƙara shiru. Mace irin wannan, me za ta koma?

Washegari Juwairiyya ta goya jaririnta ta shiga mota. Tun daga Gombe har Bauchi babu irin tunanin da ba ta yi ba. Dama akwai abin da ke cin ranta: wata takwas ke nan rabon da ta sa mahaifiyarta a ido. Cikin ya zo mata da wahala, likita ya hana ta tafiya, da ta haihu kuma Mama ba ta zo suna ba. Ta aiko da yaji da kayan jariri, ta ce ƙafa ce ke damunta. A waya ma ba ta wuce "Lafiya lau" da "Allah ya raya". Juwairiyya ta ji zafin wannan, amma ba ta faɗa wa kowa ba.

Keke ya sauke ta a ƙofar gida ana shirin kiran azahar. Ta yi sallama a zaure, babu amsa. Tana sa ƙafa a tsakar gida sai ta ji ƙarar bindiga daga ɗakin Mama, tau-tau-tau, ba ƙaƙƙautawa. Ta dafa bango. Kafin ta buɗe baki ta yi ihu sai ta ji muryar da ta sani tun tana cikin zanin goyo.

"Habila, bayanka! Bayanka na ce! Kai wane irin mutum ne? Ka shiga cikin gidan nan ka kwanta, ga ni nan zuwa!"

Juwairiyya ta ɗaga labule a hankali. Malama Habibatu tana zaune a kan darduma, ta miƙe ƙafa, tabarau a kan hanci, ɗankwali ya zame har tsakiyar kai. Ta riƙe wata babbar waya a kwance da hannu biyu, manyan yatsunta suna ta rawa a kan gilashin. Ta ɗago ido sau ɗaya.

"A'a, Juwaira, ke ce? Sannu da zuwa. Zauna, saura mu uku a filin, yanzu zan gama."

Ta mayar da kai. Juwairiyya ba ta zauna ba, ba ta kuma fita ba. Tana nan tsaye da labule a hannu, baki buɗe, har aka ji wata ƙara mai ƙarfi, Mama ta buga cinya ta ce, "Kash! Na ce masa ya kwanta." Wata muryar namiji ta fito daga wayar tana cewa, "Yi haƙuri, Malama, sabis ne ya ɗauke mini." Mama ta ce, "Kullum sabis. Jeka, na yi baƙi." Ta kife wayar.

"Kawo mini mijin nawa in gani."

Juwairiyya ta kwance goyon kamar mai yin abu cikin barci. A lokacin da take miƙa yaron ne ta lura. Da hannun dama Mama ta tallafe shi, na hagu ya biyo baya a makare, ƙananan yatsu biyu a naɗe ba su buɗe ba. Da ta yi wa jaririn murmushi kuma, gefen bakinta na hagu bai tashi daidai da ɗayan ba.

"Mama, me ya sami hannunki?"

Malama Habibatu ta amsa, idonta a kan fuskar yaron.

"Faɗuwa na yi. Wata bakwai ke nan. Ina alwalar la'asar a bakin rariyar can, sai na ga buta ta suɓuce, na sunkuya in ɗauka, ban sake sanin inda nake ba sai a asibiti. Shanyewar ɓarin jiki suka ce. Sati uku na yi a kwance."

"Sati uku! Mama, sati uku, babu wanda ya gaya mini?"

"Ni na hana. Kina fama da kanki, likita ya ce ko tsalle kar ki yi. Na ce wa yayanki in ya kuskura ya faɗa miki ban yafe ba. Da me zan zo suna? In zo ki ga hannun nan da bakin nan kina ɗanyen jego?"

Juwairiyya ta zube a ƙasa. Kuka ma bai zo mata nan da nan ba. Ta tuna duk ranakun da ta kira ta ji "Lafiya lau" a gajarce, ta ajiye waya tana cewa a ranta wannan mata ba za ta taɓa canzawa ba. Ashe kalmomin da harshen zai iya ɗauka ke nan.

Bayan sun yi salla sun ci abinci, Mama ta ba ta sauran labarin, ba tare da ta ƙawata komai ba.

Da aka sallamo ta daga asibiti, ta dawo gida ta juya fuska bango. Macen da ta saba tsawa ɗaya ta tsayar da yara ɗari shida, yanzu sai an kai ta banɗaki. An ba ta ƙwallon roba an ce ta riƙa matsawa, ta yi jifa da shi ƙarƙashin gado, ta ce ita ba jaririya ba ce. Masu zuwa dubiya kuwa ta hana su shiga. A cewarta, a kwanakin nan ba ta roƙi Allah sauƙi ba, cikawa da imani kawai take roƙo.

Wadda ta shawo kanta wata ma'aikaciyar sashen gashin ƙashi ce mai suna Lailatu, da ke zuwa gida sau biyu a mako tana motsa mata hannu. Tsohuwar ɗalibarta ce, ta san halin kayanta. Ran nan da ta ga lallashi ya ƙi, sai ta ɗauki wayar Malama ta sa mata wani wasa na jera 'ya'yan itatuwa masu launi ɗaya, ta nuna mata yadda ake turawa da babban yatsa.

"Da na hagu za ki yi, Malama," in ji ta. "Wannan matakin 'yata mai shekara shida ta wuce shi jiya. Amma ke kam kar ki takura wa kanki, ba lallai ba ne ki iya."

Ta ɗauki jakarta ta fita.

"Yarinyar da na koya wa riƙe fensir!" Mama ta faɗa wa Juwairiyya, har yanzu da sauran haushi a muryarta. "Ni za ta gaya wa ba lallai ne in iya ba? Kwana uku na yi a kansa. Yatsan nan kamar an ɗaure masa dutse, ina turawa gumi na zuba. Da ta dawo na miƙa mata wayar ban ce komai ba. Ina mataki na tara."

Daga 'ya'yan itatuwa ta koma tseren mota. Daga tseren mota Lailatu ta shigar da ita wasan da Juwairiyya ta tarar, inda ake sauke mutane a wani tsibiri, ƙungiya-ƙungiya, su yi ta fafatawa har a bar ƙungiya ɗaya. A wasan, babban yatsan hagu shi ke tafiyar da mutum, in ya tsaya an harbe ka. Ƙungiyarsu ta mutum uku ce: ita, da Lailatu, da Habila, wani bakanike ɗan shekara arba'in da wani abu da ya karye a ƙafa, suka haɗu a sashen gashi. Tun ana ɗaukar ta kamar kaya, har ta zama ita ke ba da umarni.

Juwairiyya ta saurara, tana gyaɗa kai, amma a ranta ji take kamar labarin wata mata ake ba ta. Ta zaci abin mamakin ya ƙare ke nan. Ba ta san da saura ba.

Ana idar da la'asar sai ga sallama. Mata suka fara shigowa, ɗaya bayan ɗaya, wata da kujerar tsugunno, wata da gyaɗa a leda, wata da tsintar shinkafa a faranti. Matan unguwa ne, waɗanda a da ko aron taɓarya za su yi a gidan sai sun yi shawara. Suka cika falo. Juwairiyya ta duba inda farin ƙyalle yake zama, babu shi, talabijin ɗin ma an canza ta da wata mai faɗi. Aka kunna wani fim mai dogon zango na mutanen Koriya, da rubutun Turanci yana gudu a ƙasa. Mama ta gyara tabarau, ta zauna a gaba, ta fara fassara.

Ba fassara kawai take yi ba. In tsohon da ke cikin fim ɗin ya yi magana sai ta kumbura murya, in yarinyar ce sai ta siranta ta, har da shessheƙa. Wurin da attajirin ya yi wa direbansa wulaƙanci, ta tsayar da fim ɗin ta ce, "Kun ga wannan? Rashin tarbiyya ne tun daga firamare." Mata suka kwashe da dariya. Wurin da uwar ta tsaya a bakin tasha tana kallon motar da ta ɗauke 'yarta, muryar Mama ta karye, ta cire tabarau ta share ido da bakin mayafi a gaban kowa.

Juwairiyya ba ta kalli talabijin ba ko sau ɗaya. Mahaifiyarta take kallo. Ranar da aka fita da gawar Baba ma ba ta ga hawayen matar nan ba.

Wata maƙwabciya da ke kusa da ita ta raɗa mata cewa wannan ma dabarar Lailatu ce. Harshen Malama ya yi nauyi, sai aka ce ta riƙa karanta rubutun da ƙarfi. Da farko ita kaɗai take yi, a rufe. Wata rana maƙwabciyar ta shigo kawo kunu ta tsaya tana leƙe, ta tambayi me suke cewa. Daga ranar aka fara taruwa.

Ana cikin watsewa Abdulrauf ya shigo. Shi ne ɗan fari, yana da shagon kayan gini a Gwallaga, mutum ne mai son a gan shi da mutunci. Ya jira har mace ta ƙarshe ta fita, sannan ya durƙusa ya gaishe da mahaifiyarsa, ya juya ga ƙanwarsa.

"Kin gani da idonki ko?"

"Na gani, Yaya."

"To ki yi mata magana, wataƙila ke ta ji taki. Mama, ki gafarce ni. Shekaranjiya ina zaune a shago, wasu samari suna wasan nan a benci, sai na ji muryarki tana fitowa daga wayarsu. Wani ya naɗa ya yaɗa. Kina cewa wani ƙato ya bi ta bayan dutse. Suna ta dariya suna cewa wallahi hedimistiras ce. Da ƙasa za ta tsage da na shige. Shekararki sittin da uku, Mama. Wasan harbe-harbe da maza? Fim da matan unguwa? Ina laifin carbi?"

Juwairiyya ta runtse ido. A saninta, abin da zai biyo baya kallo ne, irin wanda ke sa mutum ya nemi ƙofa. Sai ta ji Mama ta yi magana a sanyaye. Ba ta kama sunansa ba, don ba ta taɓa kamawa ba.

"Kai, miƙo mini carbin can."

Ya ɗauko ya miƙa mata. Ta karɓa da hannun hagu, ta fara ja da babban yatsa, ɗaya, biyu, uku, har ta zagaye.

"Wata biyar da suka wuce ko riƙe shi hannun nan ba ya yi. Kai ne ka riƙa ɗauko mini shi daga ƙasa, ka manta? Amma akwai gaskiya a maganarka, ba zan ɓoye ba. Abin nan ya so ya fi ƙarfina. Akwai ranar da na zauna a kansa bayan azahar, ban ɗago kai ba sai da na ji kiran magariba. La'asar ta wuce ni ina zaune, idona biyu. Ni Habibatu! Tun ina 'yar shekara goma ban taɓa yin haka ba. Kwana huɗu ban taɓa wayar ba."

Ta nuna bayan ƙofa. Takarda ce manne, an ja mata layi da rula, da rubutun nan nata mai tsayi. Karatun Alƙur'ani bayan asuba. Tattaki zuwa bakin titi da dawowa. Wasa awa ɗaya kafin azahar. Fim kashi ɗaya bayan la'asar, ban da Juma'a.

"Na yi wa kaina jadawali kamar yadda na yi wa 'ya'yan mutane. In ka ga na karya shi, ka zo ka ƙwace wayar, na ba ka izini. Amma don samari sun yi dariya a benci, a'a. Na yi shekara talatin da biyar ina tsoron kar a yi mini dariya. Da na faɗi a bakin rariya da zani a kwance, maƙwabta suka ɗauke ni, me ya rage kuma?"

Abdulrauf ya duba takardar daga sama har ƙasa. Ya ɗan zauna, ya yi wa jariri wasa, ya ce yana da baƙi a shago, ya tafi. Bai gamsu ba, kowa ya ga haka a tafiyarsa.

Washegari da safe Juwairiyya tana yi wa yaron wanka a tsakar gida, Mama tana zaune a kujera tana miƙa mata sabulu. Ba tare da wani share fage ba ta ce, "Kin tuna ranar rabon kyaututtuka, kina aji uku na sakandare?"

Hannun Juwairiyya ya tsaya a cikin ruwa. Ta tuna mana. An zaɓe ta ta fito a matsayin alƙali a wasan kwaikwayon makaranta, ta yi wata guda tana haddace maganganunta a ɓoye. Ranar, tana tsakiyar yanke hukunci, da rawani da gemun auduga, iyaye suna tafi, sai ga Mama ta hawo dandamali ta kama wuyan hannunta ta sauko da ita a gaban kowa. Shekara goma sha tara ke nan, ba a taɓa tayar da zancen ba.

"Na tuna, Mama."

"Na tsaya a bayan zauren na kalle ki kusan minti goma kafin in hau. Kin iya. Wallahi kin iya, har na ji dariya na taso mini, na danne. Sai na ji wata mata a gabana tana cewa ai 'yar Malama Habibatu ce, shi ke nan na hau." Ta juya sabulun a hannunta. "Tun da na fara kallon finafinan nan nake ganin iyaye irina. Ina fassara maganarsu da bakina, ina jin mata suna tsaki suna cewa wannan uwa ba ta da tausayi. Ba su san da wa suke ba. Na zalunce ki, Juwaira. Ki yafe mini."

Yaron ya fara kuka saboda ruwan ya huce, amma Juwairiyya ba ta motsa ba. A duk rayuwarta ba ta taɓa jin wannan kalma daga bakin mahaifiyarta ba, ko ga Baba, ko ga kowa. Sai da Mama ta ce, "Ciro shi mana, zai yi mura," sannan ta farga. Ta naɗe shi a tawul, ta rungume, ta ce, "Na yafe, Mama, duniya da lahira," daga nan kukan da ya ƙi zuwa jiya ya zo gaba ɗaya. Mama ba ta hana ta ba. Ta ɗora hannunta a bayanta ta bar shi a nan.

Kwana shida Juwairiyya ta yi ta koma Gombe. Da maigidanta ya tambaye ta abin da ya faru, ta fara ba shi labari, ya ce ta daina yi masa wasa da hankali, sai da ta kira Bauchi ya ji da kunnensa.

Yau shekara guda ke nan da wani abu. Ƙananan yatsun nan biyu ba su buɗe ba, likitoci sun ce da wuya su buɗe, kuma har yanzu Malama Habibatu ba ta iya zura zare a allura. Amma tana zuwa kasuwa da ƙafarta, tana dama kununta da kanta. Ta ƙara layi ɗaya a jadawalinta: duk ranar Alhamis takan hau keke ta je sashen gashin ƙashi, ta zauna da waɗanda ciwon ya kayar kwanan nan, masu juya fuska bango. Ba ta yi musu wa'azi. Takan karɓi wayar mutum ta sa masa wasan 'ya'yan itatuwa, ta tsaya a kansa har sai ya tura yatsa.

Cikin waɗanda ta koya wa akwai wani tsohon direban babbar mota, Malam Modibbo, ɗan shekara saba'in, wanda aka kawo a kan keken guragu ba ya ko ɗaga kai. A watan jiya ya ƙalubalance ta tseren mota a gaban ma'aikata da marasa lafiya, ya cinye ta sau uku a jere. Lailatu ta ce Malama ta tashi ta gyara mayafi, ta ce masa, "Allah ya ƙara lafiya," ta fita. Ranar matan unguwa sun taru bayan la'asar kamar kullum, aka ce musu su koma gida, Malama tana atisayen tseren mota.